Likitar yaran da muke zuwa wajenta a Gombe, abinda na gani cikin wata bakwai

Ni dai lokacin da nake da ciki babu abinda ban tanada ba, shawul ne, bahon wanka ne, fulas ne, kayan jariri har na wata shida an jera a akwati, itacen wankan jego ma tun cikin yana wata takwas Inna ta sa aka sauke mata a ƙofar gida. Abu ɗaya ne ko a mafarki bai zo min ba, wai in yaron nan ya zo kuma ya tashi da ciwo wajen wa zamu nufa dashi. Duk zuwa awon da nayi tunanina a kan haihuwa ya tsaya, in dai an sauka lafiya ai shikenan. Toh wannan sakacin ya kusa ja mana abinda har yau in na tuna sai naji gabana ya faɗi, shi yasa nace bari in zauna in rubuta yadda muka samu likitar da ke duba ɗana yanzu, da abinda ya burge ni a asibitinta da wanda bai min daɗi ba, ko wata mai ciki zata ƙaru.

Ɗan fari ne, kun san alkunya irin ta gidajenmu, ba zan kama sunansa ba. Ƙarshen watan Maris aka haife shi, lokacin da zafin Gombe ke kan ganiyarsa, kilo 3.1, aka ɗiga mishi maganin shan inna aka yi mishi BCG ta tarin fuka da allurar ciwon hanta, aka bamu man cibiya kulohegzidin aka ce kullum a shafa kar a gasa da tsumma, washegari da safe aka sallame mu muka wuce gidan Inna a Herwagana. Kwana na uku ina bashi nono a bakin taga sai naga farin idonsa ya koma kamar ruwan ƙwai. Na nuna ma Inna tace shawara ce, duk jarirai sunayi, a dinga fito dashi hantsi yana shan rana. Wani mai kemis a layinmu da kowa ke ce mishi dakta, ko ganin yaron baiyi ba, ƙanina aka aika ya haɗo mishi gulukos da wani antibayotik na ɗigawa yace a bashi sau uku a rana. Mukayi hakan kwana ɗaya cur. A kwana na huɗu yaro ya daina kama nono da ƙarfi, sai ya tsotsa sau biyu uku ya saki ya koma bacci, in taɓa ƙafarsa in hura mishi kunne amma ina, baccin nan ya ƙi sakinsa. Addata ce ta shigo barka da yamma, tana ɗaga shawul ta kalle shi tace min tashi ki sa hijabi, yanzu ba anjima ba. Ita ta tsayar da keke napep ta kaimu wannan asibitin.

Ƙaramin asibiti ne mai zaman kansa ta wajen Federal Low Cost, gida ne aka mayar asibiti, yara kawai ake dubawa. Ba zan faɗi sunansa ba tunda akwai inda zan yi ƙorafi a gaba. Da muka shiga akwai mata kusan goma a layi amma nas ɗin da ke rubuta kati tana jin ance jaririn kwana huɗu ne baya shan nono ta ajiye biro ta shiga ciki, ko minti biyu ba'ayi ba aka ce mu shigo. Wannan shine abu na farko da na riƙe, su da kansu sun san wanda zai iya jira da wanda ba zai iya ba.

Likitar mace ce, zata kai shekara hamsin, ba mai yawan fara'a bace amma tana da natsuwa. Ta gaida Inna tukun cikin ladabi, sannan ta juyo tace maijego kwance min shi gaba ɗaya, har famfas. Ta ɗauke shi ta kaishi bakin taga inda hasken rana yake, tace fitilar ɗaki tana ɓoye kalar. Ta danna yatsa a goshinsa ta ɗaga, wajen ya fito rawaya, ta danna ƙirji, ta danna ciki, ta sauka cinya, har tafin ƙafa, ko ina rawaya, ina kallon fuskarta naga ta ɗan canza. Ta taɓa maɗigarsa, ta ɗaga hannuwansa ta saki taga yadda suke komawa, ta ɗora shi a sikeli. Sai kuma tayi wani abu da ban zata ba, ta ɗauki shawul ɗin ta kai hanci ta shinshina, tace Inna kayan nan a ina ake ajiye su? Inna tace a akwati, an zuba kafur saboda kyankyasai. Tace to daga yau a fitar da kafur daga ɗakin gaba ɗaya, kayan kuma a sake wanke su a shanya.

Yadda ta mana bayani shi ya sa na yarda da ita. Tace shawarar jarirai iri iri ce, akwai wadda ke fitowa kwana na biyu ko na uku sama sama ta tafi da kanta, saboda hantar jariri bata gama ƙwari ba, amma in ta fito tun ranar haihuwa, ko ta sauka har tafin hannu da tafin ƙafa, ko yaro ya daina shan nono yana ta bacci, wannan ba ta zaman gida bace. Wani sinadari ne mai suna bilirubin ke taruwa a jini, in yayi yawa yana hawa ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnar da yakeyi a can bata gyaruwa, yaro kan iya kurumcewa ko ya kasa zama da tafiya. Tace akwai yara musamman maza da ake haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, gado ne ta wajen uwa yake zuwa ma ɗa namiji, irinsu ko warin kafur kaɗai yana iya farfasa musu ƙwayoyin jini. Gulukos baya wanke shawara, cika cikin yaro kawai yakeyi ya hana shi shan nonon da shine zai sa shi kashi ya fitar da abin. Rana kuma ba zata isa ba, ga hatsarin zafin Gombe ya ƙona fatar jariri ko ya busar mishi da ruwan jiki.

Aka ɗebi jini a take, cikin awa ɗaya sakamako ya fito, tace ma'aunin bilirubin ɗin ya haura 18. A nan ne tayi abinda yasa har gobe nake mata addu'a. Akwai fitilar shuɗin haske a asibitin nata guda ɗaya, na ganta da idona a ɗakin gefe, da ta so kuɗi sai ta kwantar damu kwana uku ta caje mu yadda taga dama tunda a ruɗe muke ko nawa tace zamu biya. Amma tace maijego wannan ya fi ƙarfin nan, in jinin ya cigaba da hawa cikin dare canjin jini za'a mishi, ni kuma bani da kayan wannan aikin a nan, ku tafi FTH, asibitin koyarwa na tarayya, yanzu. Ta rubuta takarda da hannunta, ta sa lambar sakamakon da awan da aka ɗebi jinin da nauyinsa, ta kira waya a gabanmu tace ga jariri nan zuwa. Kafin magariba muna asibitin koyarwa na tarayya da ke kan titin Ashaka, wanda su Inna har yanzu FMC suke ce mishi dukda tun 2014 ya zama na koyarwa. Aka karɓe shi a sashen jarirai na musamman, aka rufe mishi ido aka kwantar dashi ƙarƙashin shuɗin haske ba riga, ni kuma duk bayan awa biyu zuwa uku in je in bashi nono ko in tatsa a kofi. Alhamdulillah ba'a kai ga canjin jini ba. Ranar suna yana can aka yanka rago a gida, washegari aka sallame mu. Daga baya akayi gwajin G6PD ɗin ya tabbata yana da ƙarancin, yanzu a jikin katinsa an rubuta da jan biro, babu kafur, babu lalle a jikinsa, kuma duk maganin da za'a bashi sai an fara faɗa ma mai rubutawa.

Tun daga nan maigida yace ba sai mun sake neman wata ba, ita ce likitarsa. Wata bakwai kenan, mun je zai kai sau tara ko goma, don haka ina ganin na san wajen daidai gwargwado.

Abinda ya fi min daɗi shine duk zuwa sai an auna nauyi da tsawo da zagayen kai, a ɗiga a jikin layin nan na katin, ta juyo da katin ta nuna min inda yake da inda ya kamata ya kasance. Farkon komawarmu na damu ganin ya rame, tace jarirai na rage nauyi a kwanakin farko, zuwa sati biyu suke maido na haihuwa, kuma haka akayi. Magani kuma bata rubuta shi da ka, sai ta kalli nauyin ranar tayi lissafi, farasitamol ma da sirinji take cewa a auna, ta zana min layi da maka a jikin sirinjin tace nan zaki tsaya, banda cokalin shayi don cokula ba girmansu ɗaya ba.

Sannan bata bada magani in ba dalili, wannan kam sai da muka kai ruwa rana da maigida kafin ya fahimta. Cikin damina watan Agusta yaro yayi mura hanci ya toshe yana ta gurnani cikin dare, muka je muka biya kuɗin ganin likita, ta sa abin sauraro a ƙirji da baya, ta leƙa kunne, ta ɗaga riga ta ƙirga numfashinsa minti ɗaya cif tana kallon agogo, tace mura ce kawai ƙirjinsa fes yake, a ɗiga ruwan gishiri na kemis a hanci kafin shan nono, a cigaba da bashi nono, shikenan. A hanya maigida yana ta faɗa wai dubu bakwai mun biya an bamu ruwan gishiri, da wani wajen ne da an haɗo sirof kala huɗu da allura. Kwana biyar yaro ya warware ras. Kuma bata barmu haka ba, ta koya min ƙirga numfashi da kaina, tace a shekarunsa in ya kai 50 a minti ɗaya yana kwance ba kuka yake ba, ko naga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki, in taho ko ƙarfe nawa ne don alamar nimoniya ce, ɗan ƙasa da wata biyu kuma 60 ne ma'auninsa. A bayan katin ta rubuta min sauran da Hausa, zazzaɓin da ya kai digiri 38 ga jaririn da bai cika wata uku ba, ƙin shan nono, jijjiga, amai duk abinda ya sha, cibiya tayi ja ko tana wari. Ita ta sa na sayi ma'aunin zafi, tace bayan hannu baya faɗin gaskiya a garin da kowa jikinsa da ɗumi.

Wani abin da ba kowace likita ta iya ba shine magana da manya. Surukata Hajiya ta dage sai wanzami ya cire mishi beli, tunda ba'a samu yi ranar suna ba, kuma wai zafin nan yayi yawa a dinga bashi ruwa ko cokali biyu ne. Ni ba zan iya musu da ita ba, maigida ma haka, sai na roƙi Hajiya ta rakani asibiti ranar da zamu koma. Likita ta bata kujera, ta tambayi jikinta da ƙafarta da ke ciwo, sannan tace Hajiya ku kun rene mu kun fi mu sanin yara, amma wannan jikan naku jininsa ya riga ya sha wahala, belin nan halitta ce Allah ya sa ma kowa ba ciwo bane, in aka yanka jini na iya ƙin tsayawa ko ƙwayar cuta ta shiga ta aska. Ruwa kuma tace nonon uwa mafi yawansa ruwa ne, uwar za'a dinga cika ma kofi ita ta sha, shi sai ya cika wata shida. Hajiya tayi shiru tace toh Likita Allah ya raya mana, kuma daga ranar bata sake tada maganar ba, ita ce ma ke bina da kofin ruwa da kunun gyaɗa.

Rigakafi kuwa bata yi a asibitinta, tace kyauta ne a asibitin sha ka tafi na unguwa kuma su ke da firij ɗin ajiye shi yadda ya kamata, don me zata karɓi kuɗinmu a kai. Amma duk zuwa sai ta buɗe katin ta duba ko mun tsallake, sati 6, sati 10, sati 14, da allurar penta mai kare cututtuka biyar da ta nimoniya da ɗigon shan inna da na gudawa wato rota da aka shigo dashi a 2022. Ta tuna min yadda mashaƙo ta addabi Kano da Yobe da maƙwabtanmu Bauchi a 2023, tace mashaƙon tana cikin abinda penta ɗinnan take karewa, kar in bari zafin jikin kwana ɗaya ya hanani komawa. Daren allurar farko kuwa yayi zafi yana ta kuka cinya ta kumbura, na tura mata saƙo a WhatsApp wajen goma na dare da hoton ma'aunin, ta amsa kafin sha ɗaya ta faɗa min abinda zanyi da abinda in na gani in taho. Ba kullum take amsawa da wuri haka ba gaskiya, wani lokacin sai da safe, kuma tun farko ta faɗa min waya ba wajen duba mara lafiya bane.

Da ya fara zubar da yawu yana cizon komai wata maƙwabciya ta kawo min wani ruwan maganin haƙori a kwalba, na ɗauka na kai mata. Ta karɓa ta ajiye a gefe tace kin taɓa jin My Pikin? A 2008 ne, maganin haƙori da ya gurɓata da guba ya lalata ƙodar yara, sama da 80 suka rasu a ƙasar nan, NAFDAC kuma ta kwashe shi daga kasuwa. Tace fitar haƙori bata buƙatar magani, kuma zawo ko zazzaɓi mai zafi kar in taɓa cewa haƙori ne in zauna, ciwo ne daban ake fakewa da haƙori. Zawon da yayi sau ɗaya ruwan gishiri da sukari na leda da zinc na kwana goma ta bamu.

Toh yanzu ga inda suka gaza, don ba zan ɓoye ba. Na farko ita likitar sai ƙarfe huɗu na yamma take zama, da safe wani matashin likita ne, ba laifi yana ƙoƙari amma sauri gareshi, ranar da na same shi ko rigar yaro bai cire ba ya fara rubutu, sai da nace mishi yana da ƙarancin G6PD sannan ya dawo ya buɗe fayil ya canza abinda ya rubuta. Abin ya tsaya min a rai, na faɗa mata, ta bani haƙuri kuma daga baya naga an manna jar takarda a bangon fayil ɗin. Na biyu layin yamma, tunda tana ɗaukar kusan minti ashirin a kan kowane yaro, in kika zo biyar sai bayan isha'i zaki fita, ɗakin jiran kuma ƙarami ne fanka ɗaya, in an ɗauke wuta kafin a tada janareta yara sun jiƙe da gumi, kuma masu tari da jariran da aka kawo awon nauyi duk benci ɗaya ake haɗa su, wannan ya kamata su gyara ko da labule ne da benci a baranda. Na uku babu likita da daddare, nas ce kawai, in abu ya taso ƙarfe biyu FTH ko Specialist, asibitin ƙwararru na jiha, zaki nufa kai tsaye, gara ki san haka tun yanzu ki kuma san wanda zai ɗauke ki. Sai kuɗi, kati dubu uku muka buɗe, ganinta dubu bakwai duk zuwa sai dai in komawa ce cikin sati, ga mai ƙaramin ƙarfi da nauyi, kuma maganin kantinsu ya fi na waje tsada, ni takardar nake karɓa in saya a gari, basa hanawa amma mai kantin sai ya ɓata rai. Sau ɗaya kuma fayil ɗinmu ya ɓata muka zauna kusan awa ana nema.

Masu tambayata yadda za'a gane likitan yara na gaske, ni abinda na koya shine a tambaya kai tsaye ba kunya. Ba duk mai farar riga bane likita, kuma ba duk likita bane na yara. Shekara shida akeyi a jami'a, a yi shekarar horo a asibiti, sannan wanda zai ƙware a kan yara ya ƙara wasu shekaru da jarabawowi kafin a kira shi kwansoltan. Ita takardunta na rataye a bango har da lasisin hukumar likitoci ta ƙasa MDCN, na tsaya na karanta ranar da nake jiran sakamako. Ƙanwar maigida da ke da ciki wata bakwai yanzu na riga na kaita sun gaisa, ta tambayi awannin zamanta da inda take tura jarirai in abu ya fi ƙarfinta, likitar ma ta tambaye ta rukunin jininta da jinotayif nata da na mijinta saboda sikila, ta kuma ce in an haihu a kawo jaririn cikin kwana uku ko lafiyarsa ƙalau, kafur kuma tun yanzu a fitar dashi daga akwati.

Satin da ya wuce muka je awo, kilo 7.9, yana zama da kansa, ya fara shan kunu da garin gyaɗa da waken suya tun da ya cika wata shida. Ta tafa hannu ta bayansa ya waiga da sauri, ta kira shi ta ɗaya gefen ya sake juyawa yana dariya, ta rubuta a fayil tace kunnensa lafiya lau, dama tun ranar shawarar nan abinda take bibiya kenan duk zuwa. Ta bamu wata biyu mu dawo, bayan anyi mishi allurar ƙyanda da ta sanƙarau ta wata tara.